Muryar Aro

A saman shagon waya, can PZ,
akwai ɗakin da aka manne da kwalin ƙwai
don kada hon ɗin 'yan Keke ya faɗa cikin fim.
Nan nake zama Ba'indiya daga azahar zuwa magariba.

Ɗan'asabe ya ce wannan ba yaren Bombay ba ne,
Telugu ne, daga can kudancinsu,
harshe mai gangara kamar tsakuwa a ƙwarya.
Ko kalma ɗaya ban sani ba.
Leɓenta nake bi,
bin sawun akuya a kan fa.

Labarin, an ce, ya girmi ganuwar Zazzau.
'Yar kogi ce ta fito shanya gashi,
ta ga masassaƙin kwalekwale yana gumi,
ta manta ruwa ne gidan ubanta.
Wani tsoho mai gemu har cibiya,
da ta fantsama wa ruwa yana tsaka da bautarsa,
ya ɗaga yatsa ya yi mata baki:
zai ji ki, ba zai gan ki ba.

"Kar ki ce alloli," in ji Ɗan'asabe,
"ce manyan sama, kada a rufe mana shago."
Na ce manyan sama.
Ga su zaune a kan gajimaren kwamfuta,
zinariya ta yi musu nauyi a wuya,
yarinya tana kuka, babu wanda ya motsa.

Sai muka iso minti na tamanin da uku.
Tana tsaye a bayansa, yana sarar icce,
bakinta ya yi ta motsi, ya yi ta motsi,
numfashi bakwai na ƙirga,
rubutun ƙasa kuwa bai wuce "ga ni nan" ba.
"Cike gurbin," ya ce, ya sauka duba janareta.

Me ake zubawa a numfashi bakwai?

Na ce: na rufe maka tuwo har ya yi yauƙi.
Na ce: rigarka tana jikin ƙusa, ban wanke ba.
Na ce: da mutuwa ka yi, da na san takaba,
da na san ranar fita.

Da ya dawo ya saurara sau biyu.
Bai goge ba.
Bai kuma tambaye ni Sallau ba,
wanda ya bi motar albasa zuwa Fatakwal
damina biyu ke nan,
waya tana shiga, ba a ɗauka.

Bayan sati uku, a Ƙofar Doka,
ina jiran mota da ledar tumatir,
samari biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya
a bencin mai shayi.
Na ji ni ina fitowa daga bakinta,
ita da furanni a gashi, ni da silifas.
Ɗaya ya ce, "Kai, Indiyawa sun iya so."
Taku biyu ne tsakaninmu.
Babu wanda ya ɗago.

A fim dai an ƙare lafiya:
manyan sama sun ji kunya, tsoho ya janye bakinsa,
masassaƙi ya waiga, ya gan ta,
fure ya zubo kamar ƙanƙara,
mutum ɗari biyu suka fito rawa daga inda ban sani ba.
Na ratsa gadar Kubanni da yamma,
leda ce kawai take iyo.

Da dare maƙwabta suka kunna shi da ƙarfi.
Inna, da yana ta rufe wa ido,
ta tsaya da jan carbi, ta karkata kunne ga katanga.
"Tasalla," ta ce,
"wannan kukan ba daga Indiya ya zo ba."
Ta lalubo kwanon fura ta turo gabana.

Gobe akwai sabo, na 'yan sanda.
Ni ce uwar mugu.