Taga Ta Biyu

Ƙarfe huɗu na asuba a Iloilo,
zakaran maƙwabta bai gama gyara murya ba,
ni kuwa har na sa wani attajiri ya durƙusa
a gaban 'yar mai sayar da mangwaro.
Shinkafa ta tafaso. Na bar shi a durƙushe,
na je na rage wuta.

Da rana Erlinda ce ni, ta taga ta biyu,
mai yagar tikitin jirgin ruwan Guimaras.
Mutum nawa? Ga canji. Na gaba.
A bayan tsohon rasit nake kama
maganar da saurayi zai faɗa a babi na tara,
don irin wannan magana kifi ce a hannu,
ka yi sako-sako ta koma ruwa.

Littafina na farko sau huɗu ya je Manila,
sau huɗu ya dawo kamar ɗan aiken da bai tarar da kowa ba.
A na biyar edita ta kira, Misis Dimaculangan:
shafi ɗari da ashirin da takwas, kar ya ƙaru,
su haɗu da wuri, su ɓata a tsakiya,
kuma kada kowa ya mutu.
Na ce mata a gidanmu ai an mutu.
Ta ce shi ya sa ake sayen littafin.

Bangon ba ni na zaɓa ba.
Wani ƙato ne mai ƙirji kamar ƙofar shago,
bai yi kama da kowa a tsibirinmu ba.
Sunan da ke ƙasansa ma na aro ne,
kada matan coci su gane ni.

Kuɗin bai kai albashin wata ba,
amma ya sayi kwanon rufi shida
bayan guguwar da ta yaye mana ɗaki.
Yanzu in ruwa na dukan rufin da dare
na san wane babi ne ya tsaya tsakanina da sama.

Ɗana ya dawo daga jami'a,
ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu,
ya ce, Mama, wannan ai ba adabi ba ne.
Na ce haka ne. Ci abincinka.
Ban ce masa kuɗin rajistarsa
daga bakin wancan ƙaton ya fito ba.

Diosdado, mijina, ko layi ɗaya bai taɓa karantawa ba.
Amma ranar da ya ga teburin yana rawa
sai ya naɗe kwali ya cusa a ƙarƙashin ƙafar,
ya koma barci bai ce uffan ba.
Jarumai goma sha tara na ƙirƙira,
babu wanda ya yi tunanin haka.

Wasiƙa ta zo daga Hong Kong, daga wata Perlita
mai wanke tukwanen wasu.
Ran Lahadi su biyar ne a kan kwali a ƙarƙashin gada,
littafi ɗaya suke zagayawa da shi,
har shafi na casa'in ya fice ya ɓace.
Don Allah, me ya ce mata a bakin teku?
Na zauna na kwafe shafin da hannu,
na ƙara musu layi biyu da edita ta yanke.

Jiya wata ta zo tagata da kwandon kifi,
kanta a sunkuye, ƙaton nan a hannunta.
Na ce, mutum nawa? Ba ta ji ba.
Layi ya fara gunaguni, jirgi ya yi ƙaho.
Na san inda take, na gane daga kaurin abin da ya rage.
Sai na shiga ƙirga canjin da na riga na ƙirga
har ta kai ƙarshen shafin.