Sandar Fatsa Daidai Aljihu

Ran Laraba na shiga kasuwar Katsina
da dubu goma sha ɗaya a aljihun ciki,
ladan gyaran famfo biyu a Ƙofar Marusa,
da kotona kwance cikin kwalin ashana.

Koton nan ni na haɗa shi.
Gashin wutsiyar bunsuru ne, na roƙo wurin Mati mahauci,
na wanke har sau uku kafin ƙarnin ya fita,
na ɗaure da jan zaren da ya rage a keken Uwani,
na saƙala guntun cokali a goshinsa
don ya riƙa ƙyalli yana juyi cikin ruwa.
Nauyinsa bai wuce ƙwallon dabino biyu ba.
To wace sanda za ta ji shi, har ta kai shi nesa?

Abashe mai gwanjo yana can bayan 'yan bokiti.
Ya zaro ta farko, kauri kamar muciya.
"Wannan daga Ikko ta zo, ko kada ne za ta jawo.
Dubu arba'in, don kai ne."
Na rataya mata koto, na kaɗa, ko gezau.
Aika raƙumi ɗauko allura ke nan.
Na mayar masa da hannu biyu.

Ta biyu dubu huɗu, sabuwa fil cikin leda,
sai dai tun daga mariƙi take rusunawa
kamar mai neman bashi.
Na tuna bara a Ajiwa,
ranar da wani abu ya haɗiye ƙugiyata gindin kututture,
ya karya mini gora gida biyu,
ya bar ni tsaye da guntu a hannu, yara na dariya.
Na ce, Abashe, araha ba ta ado.

Har na sa takalmi sai na hango ta uku
jingine bayan ƙyaure, gizo-gizo ya yi mata rawani.
Zobe ɗaya ya ɓalle,
ɓera ya ɗanɗana mariƙin,
kwarkwaronta na kuka in an juya.
Amma da na ɗaga, sai ta zauna a tafina.
Na ɗan girgiza, kan ya yi rawa kamar kunnen zomo,
gindin kuwa ya ƙi motsi.
Taushi a sama don jifa,
tauri a ƙasa don kokawa.
Na haɗiye murnata kada ta hau fuska ta ƙara kuɗi.

"Sha biyar."
Takwas.
"Albarka."
Tara, ga zobe babu.
"Albarka dai, Sada, kai ma ka san abin da ka riƙe."
Muka yi shiru, mai kunun zaƙi ta wuce.
Can ya ce famfon gidansa na ɗiga tun ƙaramar salla.
Muka tsaya a sha ɗaya da gyaran famfo,
roba da gam a wuyana.

Daren nan na lanƙwasa wayar birkin keke na yi zobe,
na ɗiga man keken ɗinki a kwarkwaro.
Uwani ta leƙo ta ce, kifin dubu goma sha ɗaya
ai sai a gayyato maƙwabta.

Asabar da asuba ina bakin Ajiwa.
Na wurga. Sandar ta lanƙwasa, ta saki,
koto ya tashi ba nauyi ba gardama,
ya wuce ciyawa, ya wuce kututture,
ya sauka tsulum inda gorata ba ta taɓa kaiwa ba.

A jifa na talatin da wani abu
wata doguwar inuwa ta biyo shi a hankali
har kusa da yatsun ƙafata.
Ta tsaya. Ta dube shi, ta dube ni.
Ta juya abinta.

Na koma gida da buhu wayam,
hannuna bai daina rawa ba har Batagarawa.
Gobe da safe gidan Abashe,
sai kuma wata Asabar.