Kwalbar Watan Takwas

Gaisuwar kwana uku na kawo wa kakata Tsiyala,
sai dusar ƙanƙara ta rufe hanyar Mestiya a daren farko.
Direba ya bugo waya: babu mota sai ta narke.
Kaka ta ce, "Ajiye jaka. Ɗauko fitila, mu sauka."

Matakala tara zuwa ɗakin ƙasa.
Sanyin wurin na dutse ne, ba ya hawa, ba ya sauka.
Dankali na kwance a duhu ƙarƙashin busasshiyar ciyawa,
tuffa tana can wani lungu, don ba a haɗa su maƙwabtaka.
Cuku ya nutse a ruwan gishiri, dutse ya danne masa kai.
"Duk wanda ya leƙo sama," in ji ta, "rabon funfuna ne."
Tafarnuwa a kitse, a rataye.
Gari a tukunya mai murfi, ɓera sai dai ya sha ƙamshi.
Kowace kwalba da watanta a rubuce a goshi:
tsohuwa ce ke fara fita,
sabuwa ta bi layi.

Ni da biskit na zo, da alewa, da taliyar leda.
Kafin mako na cinye, na koma hamma da ciwon kai.
Ba ta yi mini faɗa ba.
Ta zuba mini wake mai zafi, kabeji mai tsami a gefe,
burodin masara, da yankan cuku kamar faɗin yatsu biyu.
"Kwano mai launi ɗaya yunwa ce ta sa riga.
Ci uku, ka tashi ka faskara mini itace."

Na koyi yanke koren dankali in zubar.
Na koyi wuƙar ɗanyen nama ba ta gaisawa da burodi.
Miyar da ta rage ba ta kwana a gindin murhu,
sanyi za ta tafi tun da wuri,
gobe kuma sai ta tafasa har ta yi magana.

A mako na bakwai, kantoci sun fara nuna haƙarƙari.
Na miƙa hannu can ƙurya,
na zaro kwalbar nama, ta watan takwas.
Rubutun ba nata ba ne.
Hannun kakana Besariyon ne, mai karkata hagu,
ita ce ta ƙarshe da ya rufe kafin a rufe shi.
Murfin ya kumbura kamar kumatun mai fushi.

Na ce, "Bari in shinshina."
Ta riƙe mini wuyan hannu.
"Ba kowane mugu ke da wari ba.
Likita na bayan dutse, dutsen kuma na bayan ƙanƙara."
Na ce, "Ko kare?"
Ta ce, "Karen me ya yi maka?"

Ta daɗe tana riƙe da ita a cinya,
babban yatsa na bin haruffan ɗaya bayan ɗaya.
Sannan ta naɗe ta da tsumma, ba ta buɗe ba,
ta sa na sare daskararriyar ƙasa a bayan garke.
Muka binne nama a ranar da muke marmarin nama.
Ta wanke hannu da sabulu, ta sa na wanke.

Daren nan wake muka ci,
ta ƙara tafarnuwa fiye da kullum,
ta ɗebi kwano guda na kai wa maƙwabciya Lamara
ta siririyar hanyar da na haƙa da shebur.

Da motar share hanya ta iso,
saura kwalba huɗu, da rabin buhun gari.
Belet ɗina bai ƙara rami ba, bai rage ba.
Ta cusa mini busasshiyar tuffa a aljihu,
ta ce in na dawo in taho mata da sababbin murafu,
kada in sake kawo biskit.