Nauyin Abin da Ba a Gani

Shekara talatin da ɗaya
ina hawa tsani guda, mai matakala goma sha bakwai,
zuwa rufin ɗakin bincikenmu a Mando,
tun ladan bai gama gyaran murya ba.
In cire faifan jiya, in sa na yau:
'yar farar takarda, faɗin bakin kofin shayi,
wadda inji ya kwana yana shaƙar gari ta cikinta.

Kowace safiya da launin da take zo mini da shi.
Daren da aka ɗauke wuta, janareta suka kwana suna tari,
faifan kan sauko kamar gindin tukunya.
Ranar da mahauta suka yi babbaka da tsohuwar taya,
har a yatsuna nake jin ƙaurin.
Shekarar da masaƙun Kakuri suka yi shiru
ya ɗan yi haske.
Na rubuta adadin, amma hannuna bai yi murna ba:
iska ta sami sauƙi, tukwane sun kife a gidaje.

Inna ta ce, "Ke Zulai,
duk bokon nan, har ƙetaren teku,
ashe aunin datti kika koyo?"
Na ce, "Inna, ko ruwan sama ba ya ƙulluwa
sai ya sami ƙwayar da zai rungume.
Duk ɗigon da ya buga kwanon ɗakinki
da ɗan baƙo a cikinsa."
Ta ce, "Allah ya kyauta,"
ta sunkuya ta ci gaba da hura wuta.

Sikelina a akwatin gilashi yake zaune.
Ba ya son numfashi, ba ya son taku mai nauyi.
In tirela ta bi hanyar Birnin Gwari
sai in naɗe hannu, in jira lambobi su daina rawa.
Abin da nake aunawa bai kai gashin ido ba,
amma yana rage wa rana kaifi,
yana sa baki a shawarar gajimare:
a zuba nan, ko a wuce.

Rahoto shida na kai ma'aikata.
An ba ni kujera, an ba ni lemo,
an ce za a duba.
Na huɗun na sake gamuwa da shi a Kasuwar Barci,
an naɗe mini ƙosai da shafi na tara.
Jadawalin ya sha mai, amma lissafin daidai yake.

Akwai faifan da ban aika wa kowace mujalla ba.
Wata Asabar, da wasa,
na rataye ƙaramin inji a madafin Inna a Rigasa,
daidai tsayin hancinta.
Awa uku kacal. Tuwo da miyar kuɓewa.
Da na buɗe shi ran Litinin
ya fi duk na rufina duhu.
Na zauna a ƙasa da farar rigar aiki, na rasa abin rubutawa.

Na saya mata murhun gas.
Ta gode, ta sa albarka,
ta lulluɓe shi da zane, ta jera kwanuka a kai.
Tarin ya tafi da ita a damina ta uku.

Yau na miƙa wa Kuyet makullai.
Yarinyar tana da haƙuri, hannunta ba ya rawa.
Na nuna mata matakala ta sha ɗaya, mai lilo,
da durowoyin da faifai dubu goma suke kwance,
kowanne da kwanan watansa,
numfashin Kaduna a jere kamar kwanukan amarya.

Guda ɗaya na zare na sa a jaka.
Ba ta tambaya ba.

Da na fito, hadari ya haɗo daga gabas.
Ban buɗe lema ba.
Ɗigon farko ya sauka a bayan hannuna,
na tsaya ina kallonsa,
ina tunanin daga murhun wa ya taso.