Lamba Arba'in da Bakwai

Kwalabe sittin na jera a barandar firamare,
kowace da lambarta,
tun a mota na rubuta, kafin mu wuce Auyo.
Farfesa ya ce kada suna ya hau kwalba.
To, na kiyaye.

Amma arba'in da bakwai Talle ne,
mai tabon ƙugiya a babban yatsa.
Ya miƙo tasa yana kallon ƙasa,
ja kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa.
Abokansa na ta dariya, wai ya zama namiji.

Shafi na uku, tambaya ta tara:
sau nawa kake shiga ruwa a mako?
Ya ce, "Anti, ki tambaye ni sau nawa nake fitowa."
Gidaje huɗu ne a gaban tambayar,
babu wanda zai ɗauki wannan amsa.
Na soka alama a na ƙarshe.

Da azahar ƙanƙara ta fara narkewa a kula,
Sallau direba na ta duban agogo,
sai ga Iya Marka da ƙwaryar fura,
shuɗin tawada bai bar yatsanta ba
tun dangwalen da ta yi wa takardar amincewa.
Ta ce, "Bara ma kun zo, da wata doguwa mai tabarau.
Me fitsarin ya faɗa muku?"

Na san abin da ya faɗa.
Da Turanci ya faɗa, a wata mujalla
da ni kaina sai da kuɗi zan buɗe ta.
Sunana na can ƙasa, wurin godiya,
an ma cinye masa harafi ɗaya.

Na ce, "Tsargiya ce, Iya. Tsutsarta na jikin dodon koɗi,
a ruwan da kuke dashen shinkafa."
Ta dube ni, ta dubi fadama.
"To, mu bar shinkafar ke nan?"
Ban ce komai ba.
Na jingina Talle da sandar awo,
na ƙirga masa ƙwayoyi daidai tsayinsa,
ya kora da furar kakarsa yana yamutsa fuska.

Bayan isha'i, a ɗakin gwaji a Kano,
janareto na tari,
na sunkuya kan madubin awo.
Ga ƙwayayen nan, kowane da ɗan tsininsa,
kamar irin kankana da aka watsar.
Ɗari da sha biyu.
Na shigar a kwamfuta.

Akwai gurbi a ƙarshen layi, na ƙarin bayani.
Na rubuta: kakarsa na jiran amsa.
Na zauna ina kallonsa.
Gobe mai lissafi zai kira ni
ya ce rubutu na ɓata masa jadawali.

Na bar shi dai.
Na tashi na wanke hannu,
na ɗauko wasu kwalabe sittin.