Huɗu da Kwata

Tasi'u mai gyaran wuta ya zo bayan la'asar
daga shagonsa na Ƙofar Marusa,
testa a bayan kunne kamar biro,
ɗan farin akwati cikin leda.
Ya ce, "A fara kashe babban layi.
'Ya'yana huɗu, ba na wasa da waya mai rai."

Hitar tana rataye a banɗakin Baba,
farin tulu mai cin kuɗi.
Katin dubu biyar ba ya kai mata Juma'a biyu.
Baba ya kunna, ya manta,
ta yini tana dafa ruwan da ba mai jiransa.

Tasi'u ya taka kujera, ya yi bismilla,
ya huda bango a gefen ƙofa.
Ja nan, baƙa nan, koriya ta nufi ƙasa.
Ya fere bakin waya, ya ɗaure,
ya finciko ya ji ko za ta saki.
Fuskar abin faifai ce, kewaye da haƙora
ƙanana kamar na mataji,
kowane haƙori kwata guda.
Ya waiwayo, ƙusa a leɓe:
"Ƙarfe nawa Alhaji ke tashi?"

Na buɗe baki, sai na tarar ban sani ba.

Inna ce ta sani.
Shekara arba'in da ɗaya
tana riga ladanin Rafindaɗi gyaran murya.
Ta tono garwashin da ta binne a toka,
ta ɗora, ta sauke, ta surka,
ta gwada da bayan hannu,
ta ajiye buta a bakin ƙofa, ko tari babu.
Mu muna barci.
Ba wanda ya taɓa tambayar ƙarfe nawa.
Damina biyu ke nan da muka kai ta Ɗantakum.

Daga kan tabarma Baba ya ce, "Huɗu da kwata."

Tasi'u ya danne haƙora uku da farce,
ƙas, ƙas, ƙas.
Ya ƙirga kuɗinsa, ya sha ruwan randa,
sai da ya tada babur ya tuna:
"In an ɗauke wuta fa, shi ma tsayawa yake.
In ta dawo, ya ɗora daga inda ya kwana."

Haka kuwa aka yi.
Daren Talata suka ɗauke awa shida,
ruwa bai yi zafi ba sai da hantsi,
Baba ya daɗe da dawowa masallaci
yana hura yatsu cikin hannun riga.
Na ce zan sa a kawo mai batir, wanda ba ya mantuwa.
Ya ce a bar wannan.

Yanzu kati yana ganin sabon wata,
mita ta daina kukan tsakar dare.
Kullum bayan isha'i kuma
ina jin jan silifas ɗinsa a siminti.
Tocila a hagu, tabarau a kan hanci,
ya dubi agogon hannunsa,
ya juya faifan dama-dama yadda aka nuna masa,
bakinsa na motsi.

Jiya na laɓe a bayan labule.
Agogo dai namiji ne, kowa ya sani,
amma ga abin da na ji:
"Yau ma kin makara da awa biyu.
Ba komai, yi kwanciyarki.
Ni zan duba lokacin."