Ina Kuka Kai Kogin?

Shekara talatin da ɗaya ina yankan murya.
Ba da wuƙar mahauci ba, guntuwar reza ce
da farin alli na sa alama a zaren kaset,
a ɗaki na biyu, gidan rediyonmu na Garwa,
inda fanka ke tari kamar tsoho mai shan taba.
Na yanke atishawar liman, na bar masa addu'a.
Na tsince "to, to, to" ɗin mai unguwa
har ya ɗauka da fasaha aka haife shi.
Dubi yatsuna, tabon aikin na nan.

Sai bana aka kawo mana Jaratu,
'yar firit, da kwamfuta a jakar goyo,
ta ce akwai basirar na'ura a ciki.
Aikin da ke ci mini hantsi har la'asar
ta kammala kafin shayina ya huce.
Hira guda ta zuba da Hausa,
abin ya juya ta Fulatanci, ya ƙara da Faransanci,
bai nemi kuɗin mashin ba, bai ce kansa na ciwo ba.
Na mai da rezata aljihu.
A daren nan tuwo ya ƙi wucewa.

Ran Laraba muka gangara ƙarƙashin gada,
wurin Barau mai koma, bakin Binuwai.
Ya ba mu labarin daminar da ruwa ya ci masa jirgi.
Bayansa mata na buga wanki a dutse,
wani na ƙwala wa kwalekwale kira daga ƙetare,
ruwa na lasar gindin katako.
Da ya zo kan sunan ƙaninsa, Ɗanjuma,
sai ya tsaya.
Na ƙirga numfashi bakwai kafin ya ci gaba.

Na'ura ta saurara, ta ce hayaniya ta yi yawa.
Ta wanke muryar tas, kamar kwanon baƙo.
Ta kori matan, ta kori mai kira, ta kwashe ruwan,
ta ga numfashi bakwai ba kalma a ciki,
ta ce wofi ne, ta haɗe bakin zancen.

Asabar da safe ga Barau a ƙofa,
da ƙafa ya zo, rediyonsa ɗaure da tsumma.
Ya ce, "Muryar dai tawa ce, ban musa ba,
amma wa ya kulle ni a tulu?
Tun da nake ban taɓa magana babu ruwa a bayana ba.
Ina kuka kai kogin?
Kuma yaushe na wuce Ɗanjuma da gudu,
kamar mai tsallake kwata?"

Jaratu ba ta kare kanta ba.
Bayan ya tafi ta jawo kujera kusa da tawa,
ta miƙo mini abin sa wa kunne:
"Baba, nuna mini inda ba a taɓawa."
Na ce, "Ai ya tafi, 'yata. Abin da reza ta ci
ƙasa yake faɗuwa, mai shara ya kwashe."
Ta yi murmushi, ta danna wuri ɗaya.
Sai ga kogin ya dawo.
Ga matan, ga mai kira,
ga shirun Barau, bakwai cif, ba wanda ya ɓata.

Shekara talatin da ɗaya ban taɓa iya wannan ba.

Yanzu kullum bayan labaran ƙarfe ɗaya
muna zama, kujera biyu, allo guda.
Ni da yatsa biyu nake farautar haruffa,
tana dariya, tana cewa saura kaɗan.
Ita kuma tana rufe ido tana saurare
har ta bambance shirun mai neman kalma
da shirun wanda kalma ta yi wa nauyi.

Lahadi muka sake sa hirar.
Barau bai zo ba.
Ya aiko jikansa da karfasa uku a leda.
Rezar tana nan a aljihuna;
da ita nake fiƙe fensir.